Mayen Ƙarfen Babanki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

’Yata, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da hanya. Allah ya sa direbanku ya ƙoshi da barci kafin ya kama sitiyari, ya sa wadda ke zaune kusa da ke ba mai surutu ba ce, ya tsare ki gaba da baya har ki sauka ƙasar Masar lafiya.

Na ce wa kawunki Adam kada ya ba ki takardar nan sai ya ga mota ta fara motsi, sannan ya cusa miki ta taga. Da ba takabar babanki nake yi ba, da na raka ki tasha na faɗa miki da bakina. Amma na san halina. Kuka zan yi, ke ma ki yi, a ƙarshe a sauke akwati. Gara takarda, ita ba ta jan majina.

Ga abin da ya sa na rubuta. Shekaranjiya ina bayan rumfa ina wanke shinkafa, na ji kina gaya wa innarki Hawwa cewa zuwa kawai za ki yi ki nuna musu fuska a ma’amal ɗin can, ɗakin binciken jinin da ya kira ki, ki ba su haƙuri su ba wani gurbin aikin, ki dawo kafin in fita takaba, wai ba za ki bar ni ni kaɗai ba. Kika juya maganar da Larabci, ƙasa-ƙasa, kamar Larabci wani ɗaki ne mai ƙofa. A unguwar Aljirif ta Khartoum aka haife ni, ’yar nan. Na ji komai, har wurin da muryarki ta karye.

To ba labarin gida zan ba ki ba, ɗazu kika bar shi. Shirmen da na tafka zan tuna miki. Duk kin san shi, don a kanki ya ƙare.

Kin tuna baƙin maganaɗisun babanki, wanda ya ciro daga tsohuwar lasifika ya ɗaura masa igiya. Idan ya gama ɗinki sai ya ja shi cikin yashin ƙarƙashin keken ɗinki, ya fito da allurai a jiki kamar bushiya. Ku yara magnatis kuke ce masa. Kakata kuwa, wadda ta zo ƙasar nan a ƙafa za ta hajji, mayen ƙarfe take ce masa, ni ma da sunan na tashi.

Da kika fara aiki a Khartoum na ce ki gaya mini abin da kike yi, don mata suna tambayata ina ta kame-kame. Kika zaunar da ni a kan angarib, gadonmu na igiya, kika zuba riɗi a faranti kika gauraya da alluran babanki.

Kika ce, “Yumma, jini ba ruwa ɗaya ba ne. Kasuwa ce kamar ta Omdurman, ƙwayoyi iri-iri, kowa da aikinsa. Mu kuma iri ɗaya muke nema a cikin taron. Sai mu zuba wasu ’yan ƙwayoyin ƙarfe, ƙanana har ido ba ya ganinsu, an shafa musu abin da ba ya kama kowa sai wanda muke nema. Idan sun kama, sai mu sa kwalbar a jikin magnatis. Shi zai ja su gefe su manne, mu tsiyaye sauran.”

Na ce, “Wato a soka wa ɓarawo allura a riga, a bi kasuwa da mayen babanki.”

Kika ce, “Kusan haka. Amma ba ɓarawo ba ne, sau da yawa shi ne mai gadi. Shi ke yaƙi da cuta.”

Na ji na gane sarai. A nan matsalar ta fara, don ni idan na gane abu sai na nemi wanda zan gaya wa.

Ba a daɗe ba maƙwabciyarmu Hajja Batul ta shigo shan jabana, gahawarmu. Kowa ya san tana yi wa ɗanta sha’awarki. Ta kurɓa, ta gyara mayafi, ta ce, “Wai ita ’yar taki dakta ce ko sista?”

Na miƙe wuya na ce, “Ai ta wuce nan, Hajja. Jinin mutane ake kai mata. Ta zuba a kwalba, ta kai wa maye, ya zaɓi wanda yake so ya riƙe, ita kuma ta zubar da sauran.”

Ta ce, “Maye?”

Na ce, “Babba ma kuwa. Na babanta ƙarami ne, a gida muke ajiye shi, a ɗaure. Da shi ta koya tun tana yarinya. Abin ai gado ne.”

Kalma ɗaya na manta, ’yata. Ƙarfe. Ban ce ƙarfe ba.

Hajja Batul ta ajiye finjali a hankali, ta ɗauki takalmanta a hannu, ba ta sa su ba sai da ta kai titi. Kafin la’asar an rataya tafarnuwa a ƙofofin layinmu. Yara na ganinki sai su watse. Mai kayan miya ya dinga yi mini gyara ban roƙa ba, yana miƙo mini daga nesa, ni kuwa ina ta cewa mutumin nan ya shiryu.

Sai ranar da aka sallamo mana da Usman mai bulo. Ƙarti suka ɗauko shi a kan angarib, zazzaɓi na kaɗa shi, matarsa a gaba tana kuka. Ta durƙusa ta ce, “Don Allah a yi haƙuri a sakar masa kurwa. Dakta ta tsallake shi kawai, ba za mu gaya wa kowa ba.” Alhali rabin Aljirif na tsaye a ƙofa.

Dawowarki ke nan daga aiki, farar rigarki a jiki. Kika taɓa goshinsa, kika duba idonsa, kika ce, “Wannan a kai shi a gwada jininsa, da alama malariya ce.” Da suka ji kalmar jini daga bakinki, matar ta ƙara sautin kuka. Suka ce ba inda za su sai an tsallaka. Babanki yana bakin keke, ya cusa hularsa a baki don kada dariya ta fito, ya ce, “Tsallake shi, Dakta, ki rabu da su. Mara lafiya ake ji.” Kika tattare riga kika ɗaga ƙafa, ga Usman da tumbi, kika yi tuntuɓe da shi kika faɗa kan kajin Hawwa. Aka kai shi asibiti, ya sha magani, ya warke. Shi ke nan magana ta tabbata: mayya ce, amma mai imani.

Ɗan Hajja Batul ya auri wata. Ban yi miki baƙin ciki ba. Namijin da zai ga kyankyaso ya kira uwarsa, me za ki yi da shi?

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ki dinga ƙarasa magana. Inda za ki Larabcinsu ba irin namu ba ne, za su ji harshenki su ce ke ’yar ina ce. Ki faɗa duka. ’Yar Sudan ce ke, Bahaushiya, jikar mahajjata, ’yar tela. Kada ki faɗi rabi ki haɗiye rabi, don mutane da kansu suke ƙarasa abin da aka bari, kuma ba su iya ƙarasawa ba. Idan abu ya dame ki a wurin aiki, shi ma ki faɗe shi har ƙarshe. Ke akwai ki da cewa “ba komai” alhali akwai komai. Wannan ba daga wurina kika gado ba.

Sai ranar da na kai miki abinci ma’amal. Lokacin kina gwada wani sabon aiki, kina bukatar jinin mai lafiya, babanki ya miƙa hannu yana cika baki, wai jinin tela ya fi na kowa tsabta don kullum allura na tace shi. Da safe aka ɗiba, ya dawo gida. Da rana na ga kin manta kwanonki, na hau mota na haye gada da kisra da miyar kuɓewa.

Kika ajiye ni a kujera kusa da ƙofa kika ce, “Yumma, zauna nan. Kada ki taɓa komai.” Sai aka kira ki ofis.

Na zauna. Wallahi na zauna, na ɗan jima ma. Amma ido ba ya zama. Na hango kwalba a jikin mayen naku, da wani jan datti-datti manne a gefenta. Na ce alhamdu lillahi, ga na kirkin nan an kama. A kusa da ita kuma ga wata kwalbar da ruwa gurɓatacce kamar na wankin shinkafa. Na ce yarinyar nan har yanzu ba ta iya kawar da ƙazanta ba, a gaban manyanta za ta ba ni kunya. Na tashi na juye shi a wurin wanke hannu, na wanke kwalbar da sabulu tas, na kife ta, na koma kujera na naɗe hannu.

Kika shigo, kika duba, kika sake dubawa. Kika ce, “Yumma, ina ƙwayoyina?”

Na ce, “Ga su can wurin maye, lafiya lau. Dattin ne na zubar miki.”

Kika zauna a ƙasa, a kan siminti, da farar rigarki. Kika ce, “Yau ba su muke so ba. Yau waɗanda ba mu so muka sa wa ƙarfe, don na kirkin su fito ba abin da ya taɓa su. Wanda kika zubar shi ne aikin.”

Na ce, “To me ya sa ba ki gaya mini abin yana da gaba da baya ba?”

Kika ce, “Ai na ce kada ki taɓa komai.” Kika kama hannuna kika wanke shi da wani abu mai warin asibiti har sai da fatata ta yi fari, kina wankewa kina hawaye, ban san na haushi ba ne ko na dariya.

Da babanki ya ji, ya ajiye almakashi ya ce, “Wato yanzu jinina yana cikin kogin Nilu.” Ya yi lissafi da yatsu, ya ce, “Ya isa Bahri war haka. Ni ban taɓa zuwa Masar ba, ga jinina zai riga ni.” Washegari ya sake miƙa hannu, amma fa na biya. Ya kwanta a angarib wai jiri yake ji, ba abin da ke tsayar da jirin sai soyayyar hanta da safe. Har aka shiga azumi yana wannan jiri.

Don haka kafin ki tsiyaye komai, ki tambaya wanne ake so, wanda ya manne ko wanda ya rage. A wurin aiki kin fi ni sani. A wurin mutane nake nufi. Idan kin sauka, akwai waɗanda za su manne miki tun ranar farko, su san abin da ke cikin akwatinki kafin ki buɗe. Ban ce ki kore su ba. Amma ki lura da wadda ba ta ce komai ba, ta dai nuna miki inda ake sayar da burodi mai kyau. Ni sai a zaman makokin babanki na gane wannan. Masu rungume ni suna ihu har mayafi na faɗuwa, ana share faranti suka tafi. Wa ya rage? Innarki Hawwa, wadda na yi shekaru ina ɗauka ruwan wankin shinkafa ce. Ita ke kwana a ɗakina, ita ke tilasta mini cin abinci, ita ke ba ni labarin rigimar kajinta tun daga asuba. Wai za ki dawo don kada in zauna ni kaɗai. ’Yar nan, addu’a nake Allah ya ba ni kaɗaicin ko na rabin yini ne.

Na ƙarshen shi ne mai nauyi, ko da yake shi ma da dariya ya fara.

Wannan ba shi ne karo na farko da mutanen can suka kira ki ba. A karon farko, da kika zo da albishir, na ce masha Allah, na shiga ɗaki na ɗaure kai da ɗankwali na kwanta. Na ce jinina ya hau. Kika ɗauko abin awo kika naɗa mini a hannu, kika ce, “Yumma, jininki ya fi nawa kyau.” Na ce to zuciya ce. Na yi ta nishi, ina leƙen ki ta ƙarƙashin mayafi. Aka kawo mini asida don a gwada ko zan iya lasa, na cinye har na suɗe kwano, na manta ni mara lafiya ce. Babanki ya tsaya a ƙofa ya ce, “Hajja, wannan ciwon naki yana da ci.” Kowa ya san ƙarya nake. Ke ma kin sani. Amma kika rubuta musu cewa ba za ki samu zuwa ba.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai ga gari ya rikice, yaƙi ya ɓarke. Muka bar Aljirif da abin da hannu zai iya ɗauka, babanki ya rungumo kan kekensa, mayen ƙarfe a aljihu, muka ƙare a Dar Salam ta Omdurman cikin ɗakin laka. Ma’amal ɗinku ya zama kango. Ke da kike raba ƙwayoyin jini kika koma zura wa babanki zare a allura, kina ɗebo ruwa, farar rigarki a ninke a ƙasan akwati. Ba ki taɓa yin ƙorafi ba. Amma ina ganin yadda kike tsince tsakuwa a cikin wake, a hankali, kina jera su gefe guda kamar wani zai zo ya duba aikin.

Da ciwo ya kwantar da babanki, wata rana da yamma muna ƙarƙashin rumfa, ina dama masa kunu, kina yi masa fifita. Sai ya ce, “Dakta, tuna mini aikin nan naki. An sa kwalba a jikin maye, na kirki sun manne, an tsiyaye sauran. Sai me?”

Kika ce, “Sai a cire kwalbar daga jikin magnatis, Baba. A zuba musu ruwa mai kyau, su saki bango, a kai su inda za su yi amfani.”

Ya ce, “Idan aka bar su a manne fa?”

Kika ce, “Bushewa za su yi su mutu. Duk wahalar ta tashi a banza.”

Ya juyo ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce, “Kin ji ko, Hajja?”

Na ce, “Ni kunu nake damawa.”

Ya ce, “Mutanen Aljirif sun yi kuskure ɗaya ne kawai. Akwai maye a gidan nan, amma ba yarinyar ba ce.”

Kika yi dariya, kin ɗauka tsokanata yake yi yadda ya saba. Ni na san ba tsokana ba ce. Ya san amsar tun kafin ya tambaya. Bai ƙara tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa.

To na ji, ’yata. A makare, amma na ji. Na riƙe ki lokacin da komai namu ke tsiyayewa, gida ya tafi, unguwa ta tafi, babanki ya tafi, ke kina manne a gefena. Ban ce riƙon duk laifi ba ne, don da shi kika samu rufe masa ido. Amma an gama tsiyaya. Allah ya sa mutanen nan sun sake kira, ba kowa ake kira sau biyu ba. Idan kika dawo kika zauna tsintar wake a Dar Salam, jinin da babanki ya bayar har sau biyu ya tafi Nilu ke nan gaba ɗaya, kuma wannan karon ma ni ce na zubar.

Na so in sa miki mayen nasa a akwati, Hawwa ta ce zai lalata miki waya, kuma a kan iyaka za a tambaye ki mene ne, ke kuma halin uwarki gare ki, kina iya manta kalmar ƙarfe. Gaskiyar ita ce ba zan iya ba da shi ba. Kullum da safe idan na yi shara, ina jan sa cikin yashin ƙarƙashin rumfa. Bai daɗe yana ɗinki a gidan nan ba, amma har yau allurai na fitowa. Mutumin nan bai taɓa riƙe allura ta kwana a hannunsa ba. Idan na ji ƙaras, ta manne, sai in ce, “Malam, ga wata kuma,” in sa a gwangwaninsa. Wata rana za su ƙare, na sani. Ba yau ba dai.

Allurar da ta fito jiya na soka miki a cikin aljihun farar rigarki, a naɗe da ƙyalle. Ki cire kafin ki zura hannu.

Ki dinga karyawa kafin ki fita. Kada ki haɗa salloli don aiki, ƙwayoyin za su jira. Idan uwar wani ta kawo abinci ma’amal, ki rufe ta a waje. Ki kira ni ranar Juma’a, idan kin ji muryata ta yi rauni kada ki yarda, ki ce a ba Hawwa ta faɗa miki abin da na ci.

Kuma ki saurara da kyau. Idan na ga ƙafarki a ƙofar gidan nan kafin su ba ki hutu da kansu, wallahi zan fita in zauna da matan Dar Salam in ba su labarin aikinki yadda na ba Hajja Batul. Nan ba wanda ya san ki. Unguwar kuma ta fi Aljirif girma, masu tumbi sun fi yawa. Za ki yi ta tsallaka har ƙafarki ta kumbura.

Ke ce ta fari, ba ki taɓa jin sunanki a bakina ba. Kunya ta hana, sai “’yar nan”, sai “Dakta”. Yau ba wanda ke kallona.

Amna. Amna, ki tafi. Na sake ki.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Allah ya yi miki albarka duniya da lahira. Na bar ki a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
daga Dar Salam, Omdurman.